Ain Baki Wofi

Tun kafin in yi aure nake rubuta waƙa da ajami, kuma har yau ban iya ɗaura baiti da boko ba. Ina karanta boko, ina sa hannu a takardar asibiti, amma idan waƙa ta zo mini, ta hannun dama take shiga takarda. Waƙoƙina na wa'azi ne: mutuwa, haƙƙin maƙwabci, masu tauye mudu, masu cin iyakar gona. Ba su kai ni nesa ba. A nan Daura ana kirana saukar karatu ko walima, wani lokaci a zo da mota daga Sandamu ko Dutsi a ɗauke ni, in rera, a ce Allah ya ƙara basira, in dawo gida da goro a aljihu. Na gode wa Allah da wannan.

Cikin duk masu saurarona, mutum ɗaya ce hukuncinta ke damuna, 'yata ta uku. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake ce mata. Tun tana sakandare takan zauna a zaure bayan la'asar da littafin rubutu a cinya, ina karanto mata daga ajami tana mayarwa boko saboda waɗanda ba su iya karanta nawa ba. Kunnenta ya fi nawa. Takan ɗaga biro ta ce, "Baba, nan ya yi tsalle." In na koma na auna ɗangon, sai in tarar da gaɓa ɗaya ta yi yawa. Nakan yi kamar na ji haushi, amma ban taɓa fitar da waƙa waje ba sai ta bi ta hannunta.

Ta tafi Khartoum karatun harhaɗa magunguna. Saura mata kaɗan ta gama yaƙi ya tashi a can. Mun yi kwanaki ba mu ji muryarta ba, uwarta ta daina cin abinci sai koko. Daga baya Allah ya fito da su, ta mota, ta cikin hamada, har bakin iyaka, sannan jirgi ya kawo su gida. Ta iso Daura da jaka ɗaya, ta rame, ta yi baƙi, ba ta son yawan magana.

A makon da ta dawo na yi waƙar godiya. Ƙwar biyar ce, wato ɗango biyar-biyar, baiti arba'in, na ɗaure ta da ƙafiya mai wuya don in nuna wa Ubangiji cewa ban yi ganda ba. Na kira ta zaure na karanta mata. Ta zauna kanta a sunkuye har na kai ƙarshe, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Ba ta zo da littafi ba, ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Na san akwai wuri biyu da karin ya ɗan karkace, na bar su da gangan don in ji ta kama ni. Ta bar su suka wuce. Na ce a raina gajiyar hanya ce.

Wata rana da hantsi na bi ta bayan ɗakinta zan zuba wa tumaki harawa, sai na ji muryar namiji daga waya, yana zuba magana da sauri a kan kiɗa mai nauyi. Ba Larabci ba ne, ba Turanci ba ne. Ƙarƙashin muryar kuma na ji 'yata tana kuka a hankali, irin kukan da mutum ke yi idan ya tabbata ba mai jinsa. Na tsaya da harawa a hannu har waƙar ta ƙare. Ta sake mayar da ita farko.

Na sami uwarta a madafa tana tankaɗe.

"Hajiya, wane ne wannan da yarinyar nan take saurare?"

"Wani ɗan Somaliya ne. Ƙawarta ta ɗaki a makaranta 'yar can ce, ita ta sa mata. Kullum sai ta ji shi."

"Kullum?"

"Kullum, Malam. Kai ne ba ka biyowa ta nan."

"Tana jin yarensu ne?"

"Ka tambaye ta mana." Ta dube ni ta saman rariya. "To me ya sami fuskarka? Kar dai da waya kake fushi."

Na ce mata ba fushi nake ba, tambaya na yi. Amma na koma zaure na kasa karatu. Shekara da shekaru ina auna gaɓa, ina tashi daga kan abinci don kalma ɗaya, yarinyar nan ba ta taɓa zubar da hawaye kan baitina ba. Ga wani da bai san da ita a duniya ba, da harshen da ba nata ba, ya samu a banza. Na san sunan abin da nake ji. Na yi wa mutane wa'azi a kansa a waƙa guda biyu. Sanin sunansa bai rage shi ba.

Bayan kwana biyu na tambayi Uwata labarin mawaƙin, kamar hira ce kawai ta kawo. Fuskarta ta buɗe irin yadda ban gani ba tun dawowarta. Ta ce gambarar zamani yake yi, wadda samari ke kira hip-hop. Yaƙi ne ya fitar da shi daga ƙasarsu yana ƙarami, ya girma a ƙasar Turawa, yana waƙa rabi da Turanci rabi da harshen iyayensa. Ba ya waƙar mata da motoci. Waƙoƙinsa kan masu bindiga ne da ke kiran kansu shugabanni, da fari, da mutanen da ke tambayar dangin mutum kafin su ba shi ruwa. Ta nuna mini hotonsa: siriri, suma ba taza, hula a karkace. Na ce a raina wannan bai taɓa durƙusawa gaban malamin aruli, mai koyar da awon waƙa, ba. Nan take dabara ta zo mini, kuma ba dabarar kirki ba ce.

Na ce, "Uwata, waccan da kike yawan ji, wadda duk da yarensu ya yi ta, ina so in rubuta ta da ajami. Ina so in ga yadda take a takarda."

"Da gaske, Baba?"

"Na taɓa yi miki wasa da takarda?"

Niyyata in shimfiɗa waƙar in auna ta, in nuna mata inda ta karye. Kiɗa yana rufe aibu da yawa, amma takarda ba ta rufewa. Ita kuwa ta ɗauka son waƙar nake yi.

Yammaci uku muka yi a kan aikin. Ta zo da wayar da rubutun waƙar na boko wanda ƙawarta ta turo mata, ni kuma na fere sabon alƙalami na dama tawada. Ban saba zama kusa da kiɗa ba. Na ce ta rage shi, ta ce ba ya raguwa shi kaɗai sai da muryar. Na yi istigfari na bar shi, hukuncin wannan na bar wa waɗanda suka fi ni ilimi.

Tun a layin farko muka yi karo. Na karanta bokon da ƙarfi, kalmar farko da harafin c, na furta shi yadda muke faɗa a ci da ciki. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Baba, a wajensu wannan ba ca ba ne. Ain ne."

"Wane irin ain kuma a boko?"

"Haka suka zaɓa. Saurara ka ji."

Ta mayar da waƙar baya da ɗan yatsa. Na kasa kunne, sai ga ain tsantsa, daga can tsakiyar maƙogwaro. Mu Hausawa mun san wahalar harafin nan. Malamina ya sha sa ni in danna maƙoshi da yatsa ina maimaitawa har murya ta dishe, don kada in mayar da shi alif a cikin Fatiha, kuma har gobe sai na shirya masa kafin in iso shi. Wannan mai karkatacciyar hula yana fitar da shi a guje, ko kula bai yi ba, da shi ya sha nono. Wannan ma na ƙara a kan abin da nake riƙe da shi.

Muka raba aiki. Ita tana duba bokon tana gaya mini inda kalma ta fara da inda ta ƙare, ni ina bin sautin ina rubutawa. A makarantar allo ain yana da suna biyu. Idan ya zo a tsakiyar kalma yakan rufe ya zama kamar abin sa ƙafa na sirdi, sai a ce masa ain likkafa. Idan kuwa shi ya fara kalma, bakinsa a buɗe yake, shi ne ain baki wofi. A hannuna wannan na biyun yakan fito da faɗi, kuma a ranakun nan, don haushin da nake ji, ina danna alƙalami a kansa har tawada ta taru. Na lura yana yawan zuwa, na ce a raina harshensu ne haka.

Ba zan ɓoye abin da kunnena ya ji ba, ko da yake a lokacin ban so ji ba. Mutumin yana da numfashi. Yakan ja layi huɗu bai sheƙa ba, kuma ba ya haɗiye ƙarshen kalma kamar yadda masu sauri ke yi. Akwai wani wuri a tsakiya da yakan sauke murya, kiɗan ya ja baya, ya yi magana kamar da wanda ke zaune kusa da shi a mota. Duk sanda muka iso wurin, Uwata takan daina kallon wayar ta kalli ƙofa. Ban tambaye ta me yake faɗa ba. Ma'ana ba ta cikin abin da nake nema.

Ranakun nan uku sun yi mini daɗi, wannan ma gaskiya ne. Ta kawo mini shayi ba a aike ta ba. Ta tsokane ni kan gilashina da aka ɗaure da zare. A rana ta biyu ta ɗauki hoton takardun da wayarta, ta ce za ta tura wa ƙawarta ta ga abin da babanta ke yi.

Ranar Alhamis muka gama. Da safiyar Juma'a na shimfiɗa takardun a kan buzu na bi gefen hagu da yatsa, inda layuka ke ƙarewa, inda kowane mawaƙi, Balarabe ko Bahaushe ko Bafulatani, ke ajiye ƙafiyarsa. Lam, ra, dal, nun, wasali, sin. Ba layi biyu a jere da suka faɗi a kan harafi ɗaya. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Babu. Na ji sanyi a ƙirjina irin na wanda aka ce masa abokin hamayyarsa ya faɗi jarrabawa.

Bayan an sauko daga masallaci na shiga tsakar gida da takardun. Hajiya na zaune tana tsinke zogale, Uwata na taya ta.

"Uwata, na duba mutumin naki."

Ta ɗago tana murmushi. "Yaya ka gan shi?"

"Zo ki gani da idonki. Bi nan. Ina ƙafiya? Layi sittin da wani abu, ba ɗaya da ya amsa wa ɗan'uwansa. Almajirina mafi rauni ba zai kawo mini wannan ba. Murya yana da ita, ban hana shi ba. Amma wannan ba waƙa ba ce, surutu ne mai sauri da aka ɗora wa ganga."

Ba ta kalli takardar ba, ni ta kalla.

"Dama abin da kake nema ke nan, Baba?"

Na ce ilimi ne, ba a jin kunyar faɗinsa. Ta ce haka ne. Ta karkaɗe ganyen da ke zanenta ta shiga ɗaki.

Hajiya ta ci gaba da tsinke zogalenta. Can ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Ka kayar da ɗan mutane yana can bai sani ba. A dama maka fura ko sai ka huta?"

Kwana biyu Uwata tana gaishe ni yadda ya kamata, ta durƙusa, ta tambayi kwanana, ta tashi. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai. Ban ƙara jin waƙar ta bayan ɗaki ba, ta koma sa abin kunne.

A rana ta uku da safe ta shigo zaure ta ajiye wayar a gabana.

"Ƙawata ce ta aiko maka da saƙo. Da Larabci ta yi don ka ji. Ban gaya mata abin da ka ce ba."

Ta danna ta fita. Muryar yarinya ce mai ladabi, Larabcinta irin na Sudan. Ta gaishe ni da ya ammi, wato baffana, ta yi mini addu'a. Ta ce ta nuna wa kawunta hoton takarduna, dattijo ne da ya haddace waƙoƙin mutanensu na da, kuma ya yi murna ƙwarai. Ya ce a gaya wa shehin Nijeriya cewa ya gane sirrin tun daga ganin farko, tun da ya rubuta kowane ain da girma ya fito da shi fili. Ta ce su a wajensu ba a ƙarshen layi ake ɗaure waƙa ba, a farkon kalma ake ɗaure ta. Mawaƙi zai zaɓi harafi ɗaya, kuma kowane layi, daga farkon waƙa har ƙarshenta, dole a sami kalmar da ta fara da wannan harafin. Wanda ya sauya harafi a tsakiya, tsofaffi ba sa kiransa mawaƙi. Ta ce a wannan waƙar mawaƙin ya ajiye salon Turawa ya bi hanyar kakanninsa, ya gina ta gaba ɗaya a kan ain, shi ya sa har tsofaffin da ba sa son kiɗansa suke sauraren ta. Ta rufe da cewa kawunta yana mamakin yadda mutumin da bai ji harshensu ba ya ga wannan.

An sha yabona a inda ban cancanta ba, amma ba a taɓa yi mini yabon da ya yi mini zafi kamar wannan ba.

Na jawo takardun. Ga haruffan ain nan da rubutun hannuna, da tawadata, baƙaƙe, bakinsu a buɗe, a kowane layi. Wani a farko, wani a tsakiya, wani kusa da ƙarshe, amma kullum shi ya fara kalmar. Kwana uku ina rubuta ƙafiyar mutumin da hannuna ina danna ta, sannan na tafi gefen hagu ina neman ta.

Ya kamata in ce nan take na sallama. Ban sallama ba. Na zauna daga hantsi har azahar ina bin layi ɗaya-ɗaya ko zan sami wanda ya kuɓuce masa. Ban samu ba. Sai na ce to ai abin ba wuya, na ɗauki sabuwar takarda na zaɓi harafin ba, wanda Hausa ke cike da shi, na fara waƙa kan haƙuri. Layi shida suka tafi lafiya. A na bakwai na ga na shigo da bokiti, a na takwas da barkono, ba abin da ya haɗa su da haƙuri. Shi kuwa ya yi sittin da wani abu da harafin da ni sai na shirya nake furta shi, a guje, kuma har 'yata ta yi kuka. Na yaga takardar.

Bayan la'asar na aika Hajiya ta kira mini ita. Ta zo ta zauna a bakin ƙofa, ba inda ta saba zama ba.

"Uwata, mutumin nan mawaƙi ne, kuma gwani. Ni ne na duba gefen da ba shi ba."

Ta ce, "To, Baba."

"Akwai kuma wani abu. Zaman nan da muka yi, ba don Allah na fara shi ba. Aibu na shiga nema. Na yi amfani da ke, ki yafe mini."

Ta murza bakin mayafinta. "Na yafe. Amma na ji daɗin zaman, shi ne abin da ya ba ni haushi."

Sai na yi tambayar da ta fi ƙarfin girmana. Na ce me ya sa tasa, ba tawa ba.

Ta ce, "Waƙarka tana da kyau, Baba, kuma duk gaskiya ce. Amma a cikinta tun baiti na biyu na iso gida. Sauran talatin da takwas godiya ce. Shi kuwa tasa duk a hanya take."

Ta gaya mini abin da waƙar ke faɗa, yadda ƙawarta ta fassara mata. Mota ce cike da masu gudu, 'yan bindiga suka tare ta suna tambayar kowa sunan kakansa, don su san wanda za su bari da wanda za su sauke. Wurin da yake sauke murya, wata tsohuwa ce a motar ke magana da saurayin da ya nuna mata bindiga, tana gaya masa cewa ita ta karɓi haihuwarsa. Uwata ta ce su ma an tare su a hanya, an sauke wasu maza daga motarsu, kuma a lokacin da suke jira ƙawar ta sa mata abin kunne ɗaya ta riƙe ɗaya.

Wata biyu da dawowarta, ban taɓa tambayarta abin da ta gani ba. Na ga ta iso da rai, na ɗauki alƙalami.

Na ce, "Ki ba ni labarin hanyar, in kina iyawa."

Ta dube ni, ta dubi kwalbar tawada da ke gefena.

"Zan faɗa maka. Amma ba don ka yi waƙa da shi ba. Ba na so in ji shi a walimar kowa."

Wannan sharaɗi ya yi mini nauyi fiye da yadda ta sani. Ɗan Somaliya ya mayar da tasa hanyar waƙa, duniya ta ji, 'yata ta yi kuka, ni kuma an ce in ji in yi shiru. Har yau idan na tuna da shi nakan yi masa addu'ar alheri, don malamai sun ce maganin abin ke nan, kuma har yau addu'ar ba ta fita da sauƙi. Na ce mata na yi alkawari. Na rufe kwalbar na tura ta bayan littattafai.

Ta matso daga bakin ƙofa ta fara tun daga safiyar da suka ji harbin farko. Abin da ta faɗa ba zai shiga wannan takardar ba. Tana magana baitoci suna zuwa mini da kansu, a aune, da ƙafiyarsu, waɗanda ban taɓa samun irinsu ba tun da na fara riƙe alƙalami. Na bar su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ina kallon bakinta, har ladan ya kira magariba ba ta kai bakin iyaka ba.